Yadda Nake Fitar da Katako Daga Gungume da Injin Zarto

Duk gungumen da na tsaga a cikin Kano, na bishiyar da iskar damina ta kayar ne, ko wadda aka sare da izini don gini: darbejiya ta fi yawa, sai madaci da mangwaro. Bishiyar gari kuwa ba ta rasa ƙusa a ciki. Mai faci ya rataya taya, wani ya kafa allon talla, ɓawo ya haɗiye ƙarfen shekaru da suka wuce. Ƙusa ɗaya ta isa ta dakushe haƙoran sarƙar injin cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa nake fara ɓare ɓawon duka da gatari, in share yashi, in nemi baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a jikin itacen. Inda na gan shi, akwai ƙarfe a kusa. Daga gindi zuwa tsayin mutum nan ne aka fi samu.

Injin da nake aiki da shi Stihl 070 ne, mai kusan cc 106. Ƙaramin injin sassabe ba zai jure ba, domin tsaga gungume ta tsawonsa ba kamar gutsure shi ba ne: inji yana ihu da cikakken ƙarfi na mintuna ba hutu. Ina zuba mililita 25 na man 2T a kowace litar fetur, wato 40 da 1. Na taɓa rage man don tsimi, fistin ya kama, kuɗin gyaran ya ninka abin da na yi tsiminsa sau da yawa. Bayan kowane yanka ina barin injin ya yi salo, wato yana kunne ba ya yanka, na minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, kuma ina kakkaɓe filta sau biyu a yini saboda dusar tsagawa laushi gare ta kamar gari. Baƙin mai da mutane ke zubawa don sarƙa yana aiki, amma yana cinye famfon mai kuma yana ɓata fuskar katako, musamman madaci.

Wasa sarƙa shi ne rabin sana'ar. Sarƙar da ke zuwa daga shago an wasa bakin haƙoranta a karkace a kan digiri 30, don gutsurewa. Don tsagawa ina mayar da ita digiri 10 da magagari mai kaurin milimita 5.5, wanda ya dace da sarƙata mai lambar girma .404. Yankan yana ɗan rage sauri, amma fuskar katakon tana fitowa sumul, kafinta ba zai cinye kauri wajen gogewa ba. Dole kowane haƙori ya sha guga daidai da ɗan'uwansa. In na dama sun fi na hagu tsawo, yankan zai riƙa karkata gefe ɗaya, ka yi ta zargin hannunka alhali laifin na magagari ne. A busasshen itace mai tauri irin ƙirya ko marke, ina sake wasawa bayan yanka biyu ko uku. Da na ga ina danna inji da ƙarfi, ko hayaƙi na tashi daga yankan, na san lokaci ya yi.

Yankan farko kuwa, duk sauran shi suke bi. Ina ɗora gungumen a kan guntaye biyu don sarƙa kada ta taɓa ƙasa, in tokare shi da weji, wato guntun itace mai siririn baki, ta kowane gefe. Da can ina jiƙa igiya da baƙin batir in buga layi, in bi shi da ido. Yanzu na koma ɗaure tsanin ƙarfe miƙaƙƙe a saman gungumen, da firam da mai walda ya haɗa min wanda ke riƙe injin a kwance yana zamewa a kan tsanin. Awon tsanin daga zuciyar itacen nake ɗauka a kowane ƙarshe, ba daga ɓawo ba, tunda gindi ya fi kai kauri. Duk bayan ƙafa biyu ina cusa siririn weji a bayan yankan, in ba haka ba nauyin katakon zai matse sarƙa.

Kowane yanka yana mayar da kusan milimita 9 zuwa dusa. Ka fitar da falanki goma na inci ɗaya, ka zubar da kusan inci uku da rabi a ƙasa. Don haka na daina ɓata babban gungume a kan siraran katako. Ina fitar da inci biyu ko uku, in ana son sirara a kai 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo a raba da injin da bakinsa bai kai nawa kauri ba. Ina kuma ƙara kwatan inci a kan awon da ake so, saboda ɗanyen katako yana motsewa. Wanda zuciyar itacen ta ratsa tsakiyarsa sai ya tsage, don haka raba shi biyu nake yi tun da wuri.

Asarar da ta fi min ciwo a hunturu na yi ta. Na jingina madaci a bango yana shan rana da iska, cikin mako guda bakunan suka dare, wasu suka lanƙwashe. Tun daga nan, ranar da na tsaga nake shafa wa bakin kowane katako fenti mai kauri sau biyu. Ina jera su a inuwa a kan bulo, ƙafa ɗaya daga ƙasa saboda gara, in sa siraran sanduna busassu tsakanin kowane layi duk bayan ƙafa biyu, kowace sanda a saitin ta ƙasanta, in danne saman da bulo. In iskar ta yi tsanani ina rufe gefen gabas da buhu. Don sanin ko ya bushe, ina ɗora guda ɗaya a sikeli duk ranar Juma'a, sai nauyinsa ya tsaya cak mako uku a jere nake kiran kafinta.