Girgizar farfelar Bell 206: a duba boris kafin a taɓa sanda

Matuƙi ya sauko da jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell 206, ya ce kujera na ɗaga shi sama da ƙasa, kuma abin na ƙaruwa idan ya ƙara gudu. Tambayar farko da na yi masa: a ina yake jin girgizar? Da a feda ce, kamar ƙafa na tsuma, da farfelar wutsiya zan nufa, don ita ce ke juyawa sama da sau 2,500 a minti. Wadda ya kwatanta mai nauyi ce, bugu ɗaya a kowane zagaye. Babbar farfela ke nan, mai zagaye 394 a minti.

Girgizar sama da ƙasa na nufin fikafikan farfelar biyu ba sa bin layi ɗaya. Ta gefe da gefe kuwa nauyi ne bai daidaita ba. Muka ɗaura na'urorin auna girgiza biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, da mai ƙirga zagaye, muka auna a ƙasa, da a tsaye cikin iska, da a cikin gudu. Abin nema shi ne ƙasa da IPS 0.2, wato inci 0.2 a daƙiƙa, ma'aunin ƙarfin girgiza.

Na juya sandar da ke saita kusurwar fiffike, wadda ke gyara layi a kowane gudu, na bar ɗan harshen ƙarfen da ke bayan fiffike, wanda tasirinsa sai gudu ya yi yawa. Gyara ɗaya, tashi ɗaya, ba a haɗa biyu. Amma sau biyu awon yana komawa inda jadawalin kamfani bai ce zai je ba.

Nan kuskurena yake. Da na kama kan sandar na jijjiga da hannu, sai na ji ƙwas-ƙwas: boris ɗin ya cinye, ƙurar hunturu ta shiga ta goge shi. Kusurwar da nake saitawa a ƙasa ba ita fiffiken ke riƙewa a sama ba. Tashi biyu da man da aka ƙona duk a banza, abin da minti biyar na dubawa zai nuna.

Muka canza boris, muka wanke fikafikan, muka ɗaure noti da awon da littafi ya faɗa, aka sa wayar kulle, wani injiniya dabam ya duba ya sa hannu. Bayan ɗan lanƙwasa harshen, awon ya sauka ƙasa da 0.2.