Jirgin da ba ya sauri da tashar da jirgi ya daina zuwa

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na buɗe YouTube na faɗa kan bidiyon Glacier Express, jirgin ƙasan nan na Suwizalan da ke tashi daga Zermatt zuwa St. Moritz. Wai sunansa ekspires amma tafiyar hawainiya yake yi, kusan awa 8 a kan hanyar da ba ta kai kilomita 300 ba. Kuma da gangan ne fa, ya haye gada 291, ya shige ramin dutse 91, ya hau har Oberalp mai tsayin mita 2,033, ga tagogi gilashi har saman rufi, kana zaune da kofin shayinka ƙanƙara fari fat tana wucewa ta gefenka. Ni dai ko a waya na ga abin sai da na ce kai!

Haka na Darjeeling a Indiya, ɗan ƙaramin jirgi ne tun 1881 yake hawa dutse yana tuƙa hayaƙi, a wasu wuraren ma ta tsakiyar kasuwa yake bi dab da rumfunan mutane.

Amma gaskiya duk wannan kallon bai taɓa min zuciya kamar tsohuwar tashar Madina ba, wadda na gani da idona lokacin da muka je Umra. Tana Anbariyya, ba nisa da Harami, gini ne na baƙin dutse da masallacin Turkawa a kusa da shi. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Abdulhamid na biyu ne ya sa aka fara shimfiɗa layin daga Dimashƙu a 1900, ya iso Madina a 1908, wajen kilomita 1,300 cikin hamada, kuma Musulmi daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ba da gudummawa. Tafiyar da alhazai ke yi kwana 40 a kan raƙumi ta koma 'yan kwanaki. Niyyar a kai shi Makka ce, Allah bai nufa ba, yaƙin duniya na ɗaya ya zo aka yi ta fasa layin da nakiya, shi ke nan jirgi ya daina zuwa.

Yanzu gidan tarihi ne. Na tsaya jikin wani tsohon kan jirgi na ɗora hannu a ƙarfen, rana ta gasa shi sai da na janye da sauri, ina ta tunanin mutumin da ya sauka a nan shekara ɗari da wani abu baya, da ƙunshin kayansa a ka, ya ɗaga ido yana neman koren ƙubba.

Washegari muka hau jirgin Haramain zuwa Makka, awa biyu da 'yan mintuna, sanyin esi ya kwashe ni barci tun kafin mu bar gari.