Inro, battar maganin Japanawa da ta zama sana'ata

Kusan duk ɗan uwan da ya shigo ɗan shagona a Kyoto tambayarsa ɗaya ce, wai Alhaji wannan ɗan mitsitsin akwatin ne ka bar harkar kayan mota saboda shi? Nakan yi shiru in ɗauko guda ɗaya in sa masa a tafin hannu, in ce buɗe ka rufe. Idan ya rufe ya ji yadda hawa-hawan ke komawa a hankali da wata 'yar iska fus, ba girgiɗi ba sassauci, to daga nan hirar ke canzawa.

Sunansa inro. Kayan Japanawa na da wato kimono ba su da aljihu, shi ya sa maza suke rataya 'yan tarkacensu a jikin ɗamara. Ma'anar sunan kwandon hatimi, don da farko hatimi da tawadarsa ake sawa ciki, daga baya ya koma battar magani, kowane hawa da irin garin ko ƙwayar da ke cikinsa. Yawanci hawa 3 zuwa 5 ne, igiyar siliki ta ratsa gefe da gefe, da ɗan dutse mai suna ojime da ake ja ya matse bakin, sai wani ɗan sassaƙe mai suna netsuke a can sama wanda ake cusawa ta ƙarƙashin ɗamara ya riƙe kayan kada su zame. Zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, shi ne lokacin tashensa. Da aka shiga zamanin Meiji mutane suka koma kwat da wando masu aljihu sai kasuwarsa ta gida ta mutu, Turawa suka yi ta jida, shi ya sa yau za ka ga masu kyau birjik a gidajen tarihi na Landan da New York.

Ni kayan mota ne suka kawo ni ƙasar nan, muna cika kwantena muna turawa gida. A nan ba ka taɓa cinikin kayan hannu sai da lasisin da ake nema ta ofishin 'yan sanda, to dama na saba da wannan hanyar. Wata rana na bi wani aboki kasuwar tsofaffin kaya ta Toji da ke ci ranar 21 ga kowane wata, na hango wani baƙin abu da zanen mazari biyu na zinare a kan tabarmar wani tsoho. Wallahi ina ɗauka sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne, kullum da tandun kwalli da 'yar batta a kusa da shi, kuma shi ma idan zai sayi batta murfin yake fara gwadawa kafin ya kalli ado. Na saya. Daga baya na gano jabu ne, roba ce aka fesa wa fenti aka manna zane. Abin ya yi min ciwo sosai, kuma ciwon nan ne ya kai ni ƙofar wani dattijo mai gyaran kayan urushi, na yi ta zarya sai da ya yarda in riƙa zama ina kallo.

Urushi ba fenti ba ne ba banish ba ne, ruwan jikin bishiya ne kamar yadda muke ɗiban ƙaro. Bishiya sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a tsaga ta, kuma abin da za a samu duka bai wuce giram 200 ba sannan a sare ta. Na cikin gida mafi suna daga Joboji yake zuwa a jihar Iwate, amma mafi yawan wanda ake aiki da shi yanzu daga Chaina ake shigo da shi. Abin mamakin shi ne ba rana ko iska ke busar da shi ba, laima ce, sai an sa shi cikin wani kabad na katako da aka jiƙa cikinsa sannan ya ƙanƙame. Ɗanyensa kuma mugu ne a fata. Satina na biyu hannayena da wuyana suka feso da ƙuraje, ƙaiƙayi ba barci, Sensei, wato dattijon malamin nawa, ya duba ya ce kowa da haka ya fara, gobe ka zo da wuri.

Ya daɗe bai bar ni na taɓa buroshi ba. Aikina goge allon gwaji da gawayi da ruwa, in goge ya shafa da yatsa ya girgiza kai. A nan na ga yadda ake maki-e da idona, a zana hoto da urushi da wani siririn buroshi, tun bai bushe ba a zuba garin zinare cikin ɗan bututu mai kyalle a baki, ana ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa garin na sauka kamar raɓa. Akwai wanda ake barinsa a shafe, akwai takamaki-e da ake tada zanen ya yi tudu har ka ji dutse da reshe a ƙarƙashin yatsanka, sai togidashi wanda ni shi ne ya fi tafiya da ni, a binne zanen gaba ɗaya da baƙin urushi sannan a yi ta gogewa da gawayi har hoton ya ɓullo daga ciki, sumul kamar fuskar ruwa. Ka ƙara gugar da ta wuce kima ka cinye zinaren, aikin watanni ya tafi. Ƙarshe a fito da sheƙi da ɗigon mai da garin ƙahon barewa, da tafin hannu.

To wannan ne wasu ke kwaikwaya da roba da fentin kashu su jera a intanet suna rubuta zamanin Edo. Abin na ƙona min rai. Har sa hannun manyan masu wannan sana'a na da suke ɗorawa a gindi, Kajikawa, Koma, har da Shibata Zeshin da ya rasu a 1891, kamar sa hannun ne aikin. Ni sa hannu shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa. Ina fara jin nauyi, don na gaske jikinsa siririn katako ne ko takarda ko fata da aka yi ta ninkawa, ba ya nauyin banza. In duba zanen ko ya haɗu daidai a mahaɗar kowane hawa, in leƙa ramin igiya in ga cin da siliki ya yi masa na shekaru, in buɗe ciki in ga nashiji, ɗigo-ɗigon zinaren nan da ke nutse cikin urushi mai ruwan zuma, na jabu a sama yake zaune fayau ba zurfi. Wani lokaci ma ka sunsuna ka ji ɗan ƙamshin maganin da ya kwana a ciki.

Sai kuma masu ciniki. Mutum ya ga na jabu a waya da kuɗin kwanon abinci, ya zo ya taya nawa da wannan farashin, ya ce ai duk ɗaya ne Alhaji ka sallama. Albarka kawai nake cewa. Ba na fushi da ciniki, ɗan Kano ne ni, amma a taya abu bayan an san menene shi.

Abu biyu nake gaya wa kowane kwastoma kafin in karɓi kuɗinsa. Idan netsuke ɗin na hauren giwa ne ba na haɗa masa, tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, ina sa na katako a madadinsa. Na biyu iska. Wani bawan Allah ya tafi da guda mai hawa 4 Arewa ya ajiye a falo kusa da taga, hunturu ɗaya ya tsaga shi daga sama har ƙasa, rana kuma ta kashe baƙin ya koma toka-toka. Ya dawo min da shi na yi wata 5 ina cike tsagar da urushi kaɗan-kaɗan, ta kama, amma sheƙin da rana ta ci bai dawo duka ba. Tun daga nan duk wanda zai kai gida sai na naɗe masa a kyalle mai laushi cikin akwatin katakon wata bishiya da ake kira kiri, in ce a ajiye a durowa nesa da rana da na'urar sanyaya ɗaki, kada a shafa masa mai ko turare, a goge da busasshen kyalle kawai.

Kaya ina samo su a gwanjon dillalai da kasuwar Kitano Tenmangu ta ranar 25, wani lokaci a gidajen da ake rabon gado, kuma in na duba 30 da ƙyar in ɗauki 2. Yanzu haka akwai guda a kan teburina mai hawa 4, baƙi wuluk, gauraka biyu a cikin ciyayi da ɗan wata na azurfa da ya yi duhu saboda tsufa, ba sa hannun kowa a jikinsa. Igiyarsa ta rube na sa sabuwa ta siliki, ban taɓa komai ba bayan wannan. Wanda ya biyo ta Kyoto ya leƙo mu sha shayi ya buɗe shi da hannunsa.