Asabar: injin zarton bel da ruwansa

Yau tun hantsi na duba injinan zarton bel guda uku don ɗan shagon da ke zaure, wato injin yankan katako wanda ruwan zartonsa ke zagaye wili biyu kamar bel. Biyu ƙanana ne masu wili inci 9, na ɗorawa a kan benci. Na ukun an taɓa aiki da shi, mai wili inci 14, jikinsa ƙarfen zubi. Shi na zaɓa.

Ƙananan ba su iya ɗaure ruwan zarto mai faɗi yadda ya kamata, don firam ɗinsu yana lanƙwasa kafin ruwan ya yi tauri. Sun isa a yanka filawud da farin katako, amma maɗaci ko kawo mai kauri sai su tsaya. Mai inci 14 yana cin kauri kusan inci 6, motonsa kuma ƙarfin doki ɗaya ne. Mai aiki da janareto ya tuna cewa moto yana jan wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi.

Kafin biyan kuɗi an cire ruwan, an juya kowane wili da hannu a ga ko yana rawa, a ji ko boris yana ƙara. Robar da ke kan wilin sama ta tsage saboda zafi, dole a sauya ta, in ba haka ba ruwan zai riƙa zamewa.

Ruwan da ke kansa na yarwa ne. Rabin abin da ake zargin inji da shi laifin ruwa ne. Wannan injin yana ɗaukar tsawon inci 93 da rabi, amma gara a zagaya igiya a kan wili biyun a auna kafin a ba da waldar da za ta haɗe bakin ruwan biyu. Na sayi kala biyu. Mai faɗin rabin inci da haƙora 3 a kowane inci, shi ne na tsaga katako mai kauri: ramin da ke tsakanin haƙoransa yana da zurfi, yana kwashe garin katako. In aka sa mai ƙananan haƙora a wannan aiki, garin ya cushe, ruwan ya yi zafi, ya ƙona katakon, yankan ya karkace. Na biyun mai faɗin kwatan inci ne da haƙora 6, na yankan lanƙwasa. Yana iya zagaya da'ira mai faɗin inci ɗaya da kwata, alhali mai rabin inci sai da'irar ta kai kusan inci 5. Ƙa'idar dai ita ce aƙalla haƙora uku su kasance cikin katako a kowane lokaci, shi ya sa siririn falanki ke son haƙora 10 zuwa 14. A kuma shafa wurin waldar da yatsa. In akwai tudu, zai riƙa buga jagora, wato abin da ke tare ruwan kada ya kauce, har ya tsinke a nan.

Bayan la'asar aka yi saiti, wuta a cire. Haƙora su dubi ƙasa. A ɗaure har in an tura ruwan da yatsa daga gefe bai wuce kwatan inci ba. A juya wili da hannu ana murɗa makullin baya har ruwan ya zauna a tsakiya. Jagororin gefe su tsaya daf da bayan haƙora, da tazarar kaurin takarda ɗaya. In suka taɓa haƙoran, sun kashe kaifin. Boris na baya kada ya taɓa ruwan sai an fara turawa. Sannan a ɗora sukwaya a daidaita tebur, a sauko da jagorar sama kamar kwatan inci bisa katako.

Gwajin farko a guntun maɗaci ya fita santal. Da magariba na sassauta ruwan don kada ya kwana yana matse roba. Gobe in sha Allahu sai neman sabuwar roba, da kananzir na goge ƙaron da ke maƙale wa haƙora.