Asabar a Heg, ni da Kawu da Buronk

Tun asuba ake ruwa. Ba irin namu ba, mai zuwa da iska da tsawa ya yi abinsa ya wuce. Na nan Heg, a ƙasar Holan, yayyafi ne mai naci kamar mai bin bashi. Na yi niyyar in kulle kaina a ɗaki in rage aikin makaranta, sai ga kiran Kawu wajen ƙarfe goma.

Kawu ya haura shekara talatin a Sudan, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya koro shi gida. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambaya ko ina samun tuwo. Can sai ya ce, "Kai yaro, garin nan da kake, ba shi ne garin Buronk ba?"

Na ɗauka wani ɗan ƙwallo yake nufi. Sai da ya ce "wanda Bashir ya kora" sannan na gane Jan Pronk ne, ɗan siyasar Holan da gwamnatin shugaba Omar al-Bashir ta kora daga Sudan. Larabci ba shi da harafin P, to a bakin Kawu an mayar da shi Buronk, har yau bai koma ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, nan ne garinsu, amma ai ya daɗe da barin siyasa." Ya ce shi dai bai manta da shi ba, domin ana cikin shirin ƙaramar sallah aka kore shi, zancen da aka yi ta yi ke nan a wajen masu shayi.

Gaskiyar Kawu. Kofi Annan ne ya tura shi Sudan a 2004 a matsayin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Oktoba 2006 ya rubuta a shafinsa na intanet cewa 'yan tawaye sun ci sojojin gwamnati da yaƙi har sau biyu a arewacin Darfur, kuma gwiwar sojojin ta yi sanyi. Gwamnati ta ba shi kwana uku ya tattara nasa ya nasa.

A nan muka rabu da Kawu. Shi cewa ya yi namiji ne, ya faɗi abin da kowa ya sani amma ba mai iya furtawa. Ni kuwa na ce mai shiga tsakani ba ya tona asirin ɓangare ɗaya a kasuwa, in ya yi, wa zai ƙara zama da shi? Baki shi ke yanka wuya. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan boko! Waɗanda suka yi shiru aka bar su suka zauna, me suka hana?" Ban sami amsa ba, sai na ce layin ba ya da kyau.

Bayan azahar ruwan ya lafa, na hau keke na nufi Scheveningen, unguwar masunta ta bakin teku inda aka haife shi a 1940. Sunan nan har yanzu harshena bai iya shi ba. Iska na tura ni baya, ina tafe ina jujjuya maganar Kawu, domin na karanta tarihin mutumin a ajinmu, kuma abin Sudan ba shi ne farau ba.

Tattalin arziki ya karanta a Rotterdam, ya yi aiki a hannun Jan Tinbergen, ɗaya daga cikin mutum biyun da aka fara ba kyautar Nobel ta wannan fanni a 1969. Yana da shekara 33 kacal ya zama ministan agaji ga ƙasashe masu tasowa, a gwamnatin Joop den Uyl ta 1973. Ya sake komawa kujerar daga 1989 zuwa 1998. A lokacin ne sojojin Indonesiya suka buɗe wa mutane wuta a wata maƙabarta a Dili, babban birnin Timor ta Gabas da Indonesiya ta mamaye a lokacin, cikin 1991. Holan ta nuna ɓacin rai, Pronk na kan gaba, sai shugaban Indonesiya, Suharto, ya ce a 1992 su riƙe kuɗinsu, ba ya so. Ka ji fa, mai karɓar agaji ne ya sallami mai bayarwa. Wannan labarin ya fi kowanne yi mini daɗi, ko da yake na san ba Suharto ne ke da gaskiya ba.

Daga baya ya riƙe ma'aikatar muhalli, ya shugabanci taron sauyin yanayi da aka yi a nan Heg a 2000, aka watse baram-baram, sai a birnin Bon na Jamus shekara mai zuwa aka ɗinke.

Abin da ya tsaya mini a rai dai na 2013 ne. Jam'iyyarsa ta Leba ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa, ta amince a mayar da zaman baƙon da ba shi da takarda laifi. Mutumin ya ajiye katin jam'iyyar da ya riƙe kusan shekara 50. Ina zaune a kan benci, takardar izinin zamana tana cikin aljihu, ba na fita ko shagon burodi ba tare da ita ba. Sai na ji hujjar da na kawo wa Kawu da safe ta yi mini sauƙi a baki. Har yanzu ina ganin a Sudan ya yi gaggawa. Amma wanda ya yi wa 'yan gidansu abin da ya yi wa Bashir, da wuya ka ce raina baƙar fata ne ya sa shi, kuma in faɗi gaskiya, zargin da nake ɓoye da shi ke nan.

Na sayi soyayyen kifi, tsuntsayen teku suka kewaye ni kamar almajirai sun ga ɗan biki, ɗaya ma ya fizge yanka guda daga hannuna. Na ɗauki hoton kaina a bakin tekun na tura wa Kawu.

Da magariba amsarsa ta shigo, saƙon murya: "Ruwan nan duk nasu ne? To in ka haɗu da Buronk a hanya, ka ce wani tsoho yana gaishe shi. Kuma ka sayi hular sanyi, na ga kunnenka a hoton."

Aikin makaranta ko shafi ɗaya ban taɓa ba.