Gizo, Gammo da Karkanda: Yadda Na Tantance Wani Shirin Talabijin Kan Yaƙin Burma

Shekarun baya wani gidan talabijin ya ɗauke ni aikin wata uku, domin in tantance gaskiyar tarihin da ke cikin wani shiri da suke haɗawa kan sojojinmu da suka yi yaƙi a ƙasar Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da na karɓi aikin na ɗauka iyakarsa in zauna da rubutun da mai ba da labari zai karanta, in gyara shekaru da sunayen garuruwa, in sa hannu in mayar. Ban yi mako guda ba na gane cewa rubutun shi ne mafi sauƙin abin da ke gabana, kuma yawancin kurakuran da ke shiga irin wannan shiri ta ido suke shiga, domin mai kallo yana iya musanta abin da aka faɗa masa, amma da wuya ya musanta abin da yake ganin idonsa ne ya gane masa.

Kurakuran rubutun ba su ba ni wahala ba. An rubuta cewa 'yan Najeriya miliyan ɗaya ne suka je Burma, alhali wannan adadi ana ambatarsa ne ga dukan 'yan Afirka da suka shiga yaƙin a fagage daban-daban, kuma ƙiyasin da aka fi kawowa na mutanen Afirka ta Yamma da suka je wancan fage shi ne kimanin 90,000, fiye da rabinsu daga Najeriya. An kuma sa sojojinmu a Kohima, saboda shi ne sunan da ya fi shahara a yaƙin gabas, alhali rundunoninmu biyu, ta 81 da ta 82, fagensu shi ne yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan, sai birged ta 3 mai bataliyoyin Najeriya da aka cire aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, masu kutsawa bayan sojojin Japan, a 1944. Na nuna wa daraktan cewa shaidar wannan tana kewaye da mu, tun da akwai barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, kuma duk sunayen nan daga can aka taho da su. Ya karɓi gyaran ba gardama.

Gardamar ta taso ne a ɗakin tace hotuna. Mai tacewar saurayi ne mai basira, ya tara tsofaffin hotuna masu motsi, fari da baƙi, wasu an sayo, wasu an tsinto a intanet, ya jera su yadda suke tafiya da muryar mai ba da labari kamar tare aka halicce su. A wani wuri muryar tana cewa, "Haka mazajenmu suka kutsa cikin kurmin Kaladan," sai ga jerin sojoji baƙaƙen fata suna tsallaka rafi, ruwa har ƙugu, bindiga a ɗage sama. Hoton ya burge ni, amma na ce a tsayar da shi, a matso da kafaɗar soja na uku, wanda ya juyo gefe. Da aka ƙara girmanta sai tambarin da ke hannun rigarsa ya fito dishi-dishi, kuma kan karkanda ne. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, takwaran Gizonmu, na runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Karkanda na runduna ta 11 ce ta Afirka ta Gabas, mutanen Kenya da Uganda da Tanganyika da Nyasaland, waɗanda suka bi ta kwarin Kabaw a daminar 1944, nesa ƙwarai da Kaladan.

Mai tacewar ya dube ni ya ce, "Malam, ai wannan daƙiƙa huɗu ce kawai, kuma duk baƙaƙe ne, duk Burma ce, wa zai lura?" Na ce masa jikan wancan mutum yana nan a wani gari a Afirka ta Gabas, kuma da wani gidan talabijin na Turai ya ɗauki hoton kakansa shi mai tacewar ya ce ɗan Kenya ne saboda duk baƙaƙe ne, da mu ne za mu fara ƙorafin cewa ba sa bambance mu. Ya yi shiru, sannan ya cire hoton. Daga ranar muka kafa ƙa'ida tsakaninmu cewa kowane hoto da'awa ce, kuma sai an san wanda ya ɗauke shi, da inda aka ɗauka, da shekarar, kafin a ɗora masa magana. Hotunan da suka fito daga gidan adana kayan tarihin yaƙi na Landan suna zuwa da lamba da bayanin mai ɗauka, don haka ana iya bin sawunsu. Na intanet kuwa sun bi hannu da yawa har asalinsu ya ɓace, kuma a cikinsu ne muka tarar da tankokin yaƙi suna gudu a fili fetal, an sa su a tsakiyar labarin Kaladan, inda tsaunuka da duhun kurmi suka sa runduna ta 81 ta dogara da jiragen sama masu jefo mata abinci da harsashi ɗaure a jikin lema, da kuma dubban 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka. Wannan kuskure ya fi na karkanda muni a wurina, domin ya shafe ainihin abin da ya bambanta yaƙin mutanenmu, ya kuma ɓoye mutanen da gammon tambarin runduna ta 82 yake tunawa da su.

Akwai wani abu da masu kallo da yawa ba su sani ba, ni ma a wannan aiki na ƙara fahimtarsa. Mafi yawan hotunan fagen fama na wancan zamani ba su da sauti, saboda haka ƙarar igwa da rugugin bindiga da ake ji a shirye-shirye daga baya ake ɗora su. Wasu hotunan ma tun asali shirya su aka yi, domin mai kyamara ba ya iya tsayawa a gaban harsashi ya ɗauki fuskar soja yana kai hari. Tun a 1916 aka nuna wa mutanen Ingila sojoji suna fita daga ramukansu a yaƙin Somme, kuma masana sun daɗe da nuna cewa wannan sashe a bayan fage aka ɗauke shi. Don haka tsufan hoto ba ya tabbatar da cewa abin da ke cikinsa ya faru yadda aka nuna, kuma wanda ya riƙe kyamarar ma'aikacin gwamnatin da ke yaƙi ne, an aike shi ya kawo abin da zai ƙarfafa zukata. Haka na riƙa karanta tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Taska ce mai daraja, tana nuna abin da aka gaya wa iyaye da matan sojoji, amma jarida ce da ke fita ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka a lokacin yaƙi, kuma ba a wurinta za a nemi labarin ja da bayan da runduna ta 81 ta yi daga wajen Kyauktaw a watan Maris na 1944 ba.

Inda babu hoton asali, daraktan ya shirya a kwaikwayi abin da ya faru da 'yan wasa a wani kurmi. Ban ƙi wannan ba, sai dai na nemi abu biyu. Na farko a rubuta a jikin allo cewa kwaikwayo ne, kada a mayar da shi fari da baƙi a zuba masa ɗigo-ɗigo don ya saje da tsohon hoto. Na biyu a canza bindigogin, domin an kawo masu kama da AK-47, wadda ba a ƙera ta ba sai bayan yaƙin, alhali sojojinmu Lee-Enfield suka riƙe, ga kuma adda a ƙugu don sarar hanya. An sassaƙa na katako a madadinsu, kuma kuɗin bai kai abin da ake tsoro ba.

Sashen da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar da muka yi da wani dattijo cikin 'yan mazan jiya, wanda ya haura shekara tamanin da biyar a lokacin. Mun same shi a zaure bisa buzu, ya sa jikarsa ta ɗauko wata tsohuwar jakar fata, ya fito da takardar sallamarsa da ta yi laushi kamar tsumma saboda ninki, da lambobin yabo da zarensu ya koɗe. Da ya fara magana sai ya ce shi yaƙin Hitila ya je, kuma shekara bakwai ya yi a daji. Takardarsa ba ta nuna haka ba, kuma waɗanda ya fuskanta sojojin Japan ne. A hanyar dawowa wani daga cikinmu ya ce tsufa ya rikita shi, a bar hirar. Ni kuwa na ji wani abu a maganarsa da ya sa na koma washegari ni kaɗai.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, jiya ka ce a jirgin ruwa an nuna muku wajen Makka. Yaya abin ya kasance?" Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mun bi wata siririyar hanyar ruwa, rairayi dama da hagu, sannan muka fita babban ruwa mai zafi. Sai samanjanmu ya ce Musulmi su dubi hannun hagu, can ne ƙasa mai tsarki. Muka tsaya muna kallo, ba ma ganin komai sai ruwa, wasu suna kuka." Wannan bayani ya yi daidai da mashigin Suez da Bahar Maliya, hanyar da jiragen runduna ta 82 suka bi a 1944, saɓanin runduna ta 81 da ta zagaya ta kudancin Afirka a 1943, kuma ya dace da abin da ke cikin takardarsa. Mutumin da ya kasa riƙe adadin shekaru ya riƙe ɓangaren da Makka take. Haka ya ba ni labarin matsattsaku da suke cirewa da wutar taba, da zazzaɓi da atini da ya ce sun kwantar da abokansa fiye da harsashi, da yadda hakimi ya aiko ƙauyensu a ba da samari, abin da takardun hukuma ke kira shiga soja da son rai. A nan na koyi raba abin da mai shaida ya gani da idonsa da abin da ya ji ko ya lissafa daga baya. "Yaƙin Hitila" kuwa sunan da mutanenmu suka ba yaƙin gaba ɗaya ne, don haka muka bar shi ya faɗa da bakinsa, mai ba da labari ya yi bayani a jimla ɗaya ba tare da ya ƙaryata dattijo a gaban jikokinsa ba.

A kan wannan hira na yi jayayya mafi zafi. An yanko maganarsa inda yake cewa "ba mu ji tsoro ba," wadda ya faɗa game da hawa jirgin ruwa karo na farko, aka liƙa ta bayan tambayar da ta shafi haɗuwa da Japanawa, aka rufe wurin yankan da hoton daji. Abin da ya faɗa a zahiri game da Japanawa shi ne cewa duk wanda ya ce bai ji tsoro ba a daren farko, to bai je ba. Daraktan ya ce yana son shirin ya ɗaukaka mazajenmu, ni ma abin da nake so ke nan, amma na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah amana ya ba mu, kuma maganar da ya yi ta fi wadda muke so mu sa masa a baki ɗaukaka shi." Muka saurari kaset ɗin tun daga farko tare, ya amince a mayar da ita yadda take.

Duk da wannan taka-tsantsan, kuskure ya wuce ta hannuna, kuma nawa ne ni kaɗai. A sashen ƙarshe mai ba da labari ya ce sojojin Najeriya ne suka ƙwace Myohaung, tsohon babban birnin masarautar Arakan, a watan Janairun 1945. Na duba watan da shekarar na ga daidai ne, na wuce, domin jimlar ta yi mini daɗi kuma ban tsaya na tuhume ta yadda na tuhumi hoton karkanda ba. Bayan an watsa shirin sai wasiƙa ta zo daga wani Bahaushe mazaunin zango a Ghana, wanda mahaifinsa ya yi soja a rundunar Gold Coast, wato Ghana a zamanin mulkin mallaka. Cikin ladabi ya tunatar da mu cewa rundunonin biyu ne suka haɗu a kan garin, kuma a cikinsu akwai bataliyoyin Gold Coast da na Saliyo da na Gambiya, har ma sojojin Ghana suna tunawa da ranar Myohaung kowace shekara a watan Janairu. Ya ce mahaifinsa da Hausa yake karɓar umarni kamar 'yan'uwansa na Kano da Sakkwato, kuma ya zauna da 'ya'yansa suna jiran a ambaci mutanensu har shirin ya ƙare.

Na kai wasiƙar wurin daraktan da kaina, na ce laifina ne, na roƙi a sake ɗaukar muryar wannan jimla kafin a maimaita shirin. An kira mai ba da labarin ya dawo, aka sa sunayen ƙasashen huɗu a jere, aka kuma ƙara taswirar da ke nuna runduna ta 81 tana gangarowa ta Kaladan, ta 82 tana tahowa ta nata ɓangaren. Na rubuta wa mutumin amsa da hannuna, na ba shi haƙuri, na sanar da shi ranar da za a sake watsawa domin ya tara 'ya'yansa.