16 ga Agusta: Ranar da Ranavalona ta Farko ta rasu

Rana irin ta yau ce a 1861 Sarauniya Ranavalona ta Farko ta rasu a Antananarivo, bayan shekara 33 a kan gadon sarautar Merina a tsibirin Madagaska. A kanta na yini ina karatu.

Da safe na bi yadda ta hau. Mijinta Radama na Farko ya mutu a 1828, ita kuwa ba ta haifa masa ɗa ba. Wasu hafsoshin soja da manyan fada suka mara mata baya, aka kashe Rakotobe, ɗan 'yar'uwar sarkin, wanda gadon ya fi kusa da shi. Da ta zauna daram sai ta warware yarjejeniyar da mijinta ya ƙulla da Ingila.

Abin da ya ci mini rana shi ne tangena, shari'ar guba. Wanda ake zargi da maita ko sata ko cin amanar sarauta, ana ba shi shinkafa ya ci, ya haɗiye yankan fatar kaza guda uku, sannan a kankaro ƙwallon 'ya'yan itacen tangena a ba shi ya sha. Daga nan sai a yi ta ɗura masa ruwa don ya yi amai. In fata ukun nan duka sun fito, ya kuɓuta. In ɗaya ta maƙale, ko gubar ta tsayar da zuciyarsa, laifi ya tabbata, a kuma kwashe dukiyarsa. Ɓarnar tana nan: mai kankarowa shi ke da ikon yawan gubar, kuma akwai masu samun rabo idan mutum ya mutu. Ina adalci a nan?

Bayan la'asar na koma kan fanompoana, aikin dole ba lada da talakawa ke yi wa sarauta maimakon haraji. Da wannan aikin ne Jean Laborde, Bafaranshen da jirginsa ya tarwatse a gaɓar tsibirin a 1831, ya kafa masana'antu a Mantasoa, inda ake ƙera igwa da bindiga, ana haɗa albarushi, gilashi da sabulu. Da shi kuma aka ɗauko manyan gumagumai daga daji aka gina fadar Manjakamiadana. Manomi yana can yana dako, gonar shinkafarsa tana nan ba mai kula da ita. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro suka yi ta cin ma'aikata da sojoji.

A 1835 ta hana 'yan ƙasarta bin Kiristanci. A 1845 jiragen yaƙin Ingila da Faransa suka afka wa tashar Toamasina, dakarunta suka kore su, aka kafe kawunan waɗanda aka kashe a kan sanduna a bakin teku. A 1857 ta gano makircin juyin mulkin da wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Joseph Lambert, ya kitsa, ta kori Turawa, har da Laborde ɗin.

Masu kiranta mahaukaciya sun yi gaggawa, a ganina. Ta san abin da take yi sarai. Ɗanta Radama na Biyu, wanda ta haifa bayan mutuwar mijinta, ya gaje ta, ya soke tangena, ya buɗe wa Turawa ƙofa. Bai cika shekara biyu ba manyan fadarsa suka shaƙe shi a 1863.